Sa wa bokitin tarakta haƙoran tono: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga masu tarakta mai loda a gaba, wato hannun ƙarfe mai bokiti da ke ɗibar kaya yana ɗagawa, yawanci masu lodin taki ne da masu gyaran hanyar gona da masu bin tifa suna zuba mata ƙasa. An fara da masu sauƙi sannan aka gangara zuwa maganar walda da abin da ke karyewa. In kana sauri ka karanta ta zaɓi da ta "zai lalata min tarakta", don a waɗannan biyun ne kuɗin mutum ke tafiya.

Wai mene ne amfanin haƙoran, bokitin ba da bakinsa ya zo ba?

Da bakinsa ya zo, amma bakin shafaffe ne, an yi shi don ɗibar abin da ya riga ya saki kamar yashi, tsakuwar da tifa ta juye, buntun shinkafa da makamantansu. In ka kai shi kan fako ko taki da ya daskare sai ya riƙa zamewa a sama yana kankare ƙura, tayoyin baya suna juyawa a banza. Bambancin kamar na shebur da diga ne, ƙarfin hannun ɗaya ne amma diga ta tattara shi wuri guda.

Ka yi lissafin da kanka. Bokiti mai faɗin mita 1.8 yana raba ƙarfin taraktar a kan santimita 180. In ka sa haƙora 7, kowanne faɗin bakinsa santimita 4, ƙarfin nan ya koma kan santimita 28 kawai, ka ga ya ninka fiye da sau shida a inda ƙarfe ya taɓa ƙasa. Ba a ƙara wa injin doki ko ɗaya ba, wurin da ƙarfin ke sauka ne aka matse.

A wane aiki suke da amfani, a wanne kuma ba su da shi?

Inda suka fi nuna kansu shi ne tsohon taki. Duk wanda ya taɓa kwashe makwancin shanu da ya shekara ana takawa ya san yadda yake zama, sama ɓawo kamar daɓe, ƙasa kuma danƙare da kara da igiyoyi da ledoji, shafaffen baki ba abin da zai yi masa. Haƙora na shiga ƙarƙashin ɓawon su ɗago shi falle falle. Haka juji, haka tulin burji da ruwa ya daka ya bushe, haka suri, da saiwoyin sabara da kalgo in ana share sabuwar gona, da tsince duwatsu daga cikin ƙasa.

Inda suke zama matsala kuma shi ne duk aikin da ake son a bar wuri sumul. Baje ƙasa ta ƙarshe, kwashe yashi daga kan siminti ko intalok, share ɗakin kaji, ɗibar hatsi ko takin zamani a sito. Za su bar maka layi layi a ƙasa, su karce daɓe, kuma kullum akwai ragowar da ke zubewa ta tsakaninsu sai an bi da shebur. Shi ya sa tambayar zaɓi da ke ƙasa take da muhimmanci.

Ta hanya nawa ake sa su?

Uku ne. Ta farko sandar haƙora, wato doguwar sandar ƙarfe mai kauri da aka riga aka jera haƙoran a jikinta, ana zura ta a kan bakin bokitin kamar hula, sai a ɗaure ta da noti ɗaya ɗaya a bangon bokitin dama da hagu. Ta biyu a huda bakin bokitin a ɗaura kowane haƙori da notinsa, galibi biyu biyu, irin yadda bokitin injin tono na JCB yake. Ta uku a yi waldar adafta, wato gindin da haƙorin ke zama a kai, a jikin bakin bokitin har abada, shi kuma haƙorin a riƙa cusa shi ana kulle shi da fin, in ya cinye a fitar a sa wani.

Akwai ta huɗu da ake yi a garejin unguwa, a yanko ƙarfe kawai a manna da walda ba adafta ba komai. Maganarta na nan a tambayar sifirin mota.

To wacce zan zaɓa?

Ni dai ga mai tarakta ɗaya da bokiti ɗaya, sandar haƙora nake ba shi shawara, ba na ma jan maganar. Dalili na farko ana cire ta, noti biyu ne, da safe ka tono taki da yamma ka kwance ta ka baje ƙasa. Dalili na biyu wanda mutane ba su cika lura da shi ba, ita kanta sandar tana ƙara wa bakin bokitin ƙarfi, in haƙori ɗaya ya ci karo da dutse bugun yana rabuwa a tsawon sandar gaba ɗaya maimakon ya sauka a kan tafin hannu ɗaya na bakin. Bokitin taraktar noma ba shi da kauri, wannan rabon bugun shi ke hana shi lanƙwashewa.

Waldar adafta ta fi ƙarko in an yi ta daidai, amma ta wanda ke da bokiti biyu ce, ɗaya na tono ɗaya na ɗiba, ko wanda ya tabbata shi aikinsa tono ne kawai daga farkon rani zuwa ƙarshe. Mai noti biyu biyu kuma tana tsakiya, ana cirewa amma kwance noti 14 da suka sha taki suka yi tsatsa ba aikin da za ka so yi kullum ba ne, ƙarshenta barinsu za ka yi, ga wahalar huda bakin da za mu zo kanta.

Yaya zan auna sandar, kuma yaya ake ɗaura ta?

Ka auna faɗin cikin bokitin, daga bango zuwa bango a daidai bakin, ba faɗin waje ba. Kar ka dogara da cewa ai bokitina ƙafa shida ne, ɗauko tef ka auna, don wanda ake kira ƙafa shida sau da yawa cikinsa bai cika ba. Sandar ta gaza faɗin cikin da kamar santimita ɗaya, gibin da ya rage sai a cike da washa. Sannan ka auna kaurin bakin, saboda aljihun da ke ƙarƙashin haƙoran dole ya haɗiye bakin sosai, in an riga an ɗaura wa bokitin ƙarin baki mai noti to kaurin ya ninku, ko a cire ƙarin ko a yi aljihun daidai da shi.

Wajen ɗaurawa, ka ajiye bokitin a kan katako, ka zura sandar, ka bi ta da guduma har sai bakin ya zauna a ƙarshen aljihun ko'ina, sai a lokacin za ka yi alamar rami ka huda bangon. Mutane na yin kuskure a nan, su huda tun sandar ba ta zauna ba, sai ya zama notin ne ke ɗaukar duk turin da tarakta ke yi, kwana kaɗan ya tsinke ko ramin ya zama dogo. Aikin notin kawai ya hana sandar zamewa in ana ja da baya, turi kuwa na bakin bokiti ne. Ka sa noti mai ƙarfi, wanda aka rubuta 8.8 ko 10.9 a kansa, kaurin milimita 16 zuwa 20, da babbar washa ciki da waje.

Haƙora nawa zan sa, tazara nawa?

Abin da aka saba shi ne 5 a bokitin ƙafa huɗu, 6 a ƙafa biyar, 7 a ƙafa shida, tazara tsakanin santimita 20 zuwa 30. Na gefe biyun su zauna a can kusurwa, don su ne ke share wa bangon bokitin hanya, in ka shigo da su ciki kusurwar ce za ta riƙa cin ƙasa ta cinye. In ka cika su da yawa ka koma gidan jiya, ƙarfin ya sake rarrabuwa kuma laka za ta riƙa toshe tsakaninsu. In suka yi kaɗan kowanne ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfin wurin da yake zaune.

Na je kasuwa na ga haƙora iri iri, wanne ne nawa?

Ta siffa akwai mai baki kamar kurfi, shi ne na kowane aiki kuma shi ya dace da yawancinmu. Akwai mai tsini ɗaya da ake ce wa taiga, yana huda marmara sosai amma saurin cinyewa gare shi. Akwai mai tsini biyu, wasu na sa shi a kusurwa. Akwai mai faɗin baki na yashi da laka. In ba ka da wani dalili na musamman ka ɗauki mai bakin kurfi ka huta.

Ta girma kuma a nan ake cutar mutane. Yawancin abin da ke kasuwa na katafila ne, na eskabeta da peloda, irin jerin J na Caterpillar, J250, J300, J350, waɗannan sun yi wa bokitin tarakta girma da nauyi, adaftarsu ma bakin bokitinka ba zai cika ta ba. Ka nemi ƙananan da ake sa wa bokitin baya na injinan tono irin JCB da Case, ko jerin da ake kira 23, ko in ya yi girma J200. Kuma ka sayi haƙori da adafta da fin a tare, a gabanka a haɗa su ka girgiza ka ji, don na wannan kamfani ba ya zama a na wancan ko da ido ya nuna maka kamar ɗaya ne. Ka ƙara da biyu na ajiya da fin ɗinsu.

Mai waldata ya ce da sandar da yake waldar ƙofa zai yi, ya halatta?

A'a, ka ce masa ya dakata. Sandar da ake waldar ƙofa da taga ita ce 6013, ta ƙarfe mai laushi ce. Bakin bokiti ƙarfe ne da aka taurara, irin Hardox na kamfanin SSAB na Suwidin ko makamancinsa, ita ma adaftar ƙarfe ne mai tauri, in aka haɗa su da 6013 a sanyi waldar za ta yi kyau a ido amma akwai tsaga a gindinta da ba ka gani, ranar da haƙorin ya ci dutse sai ya ɓalle da waldar gaba ɗaya. Sandar da ake so 7018 ce, geji 10 ko geji 8, wato milimita 3.2 ko 4, kuma busasshiya. Wannan sandar tana shan raɓa, wadda aka buɗe kwalinta aka bari a shago tun damina ta riga ta tashi daga aiki sai an gasa ta. Tana kuma son wuta mai ƙarfi da ba ta rawa, geji 10 na cin wajen amfiya 110 zuwa 140, ƙaramin janareto ba zai riƙe ta ba.

Tsarin aikin shi ne a goge wurin da gurandin har ƙarfe ya yi fari, ba fenti ba tsatsa ba taki. A ɗumama bakin da adaftar da wutar gas zuwa kamar digiri 150 zuwa 200, ba a so ya yi ja, don irin wannan ƙarfen in ya wuce wajen digiri 250 taurinsa ya fara tafiya. A fara ɗiga na kusurwa biyun, a ja igiya tsakaninsu a jera sauran, duka su kwanta daidai da gindin bokitin kada wani ya kalli sama wani ya kalli ƙasa. Sannan a yi waldar kaɗan kaɗan ana tsallakawa, a yi wa na ɗaya layi guda a koma na biyar a dawo na uku, saboda in aka tsaya a kan ɗaya aka cika shi da wuta bakin zai bankare. Kar a ja walda a kan kaifin bakin, a tsaya kafin a kai.

In an gama a bar shi ya huce da kansa, a rufe shi da busasshen yashi ma in da hali. Yaran gareji suna da saurin ɗauko bokitin ruwa su watsa don oga ya tafi da wuri, ka tsaya a kansu, wannan ruwan shi ke tsaga waldar.

Za a iya waldar bokitin yana jikin taraktar?

Ya fi kyau a cire shi, mai walda ma zai fi jin daɗi don zai iya kifa shi ya yi ƙasan a kwance. In ba yadda za a yi, a cire kan batir duka biyu, sannan a maƙala wayar as, wato wayar injin walda da ake kamawa a jikin ƙarfe, a jikin bokitin dab da inda ake waldar. In aka maƙala ta a jikin taraktar wutar za ta bi ta cikin fin da bushin da sandar ram, wato silindar haidurolik da ke motsa hannu da bokiti, kafin ta koma, ta bar musu ɗigon ƙuna, shi kuma ɗigon da ke kan sandar ram shi ke yaga sil, robar da ke tare mai, sai mai ya fara yoyo. Sababbin taraktoci masu ƙwaƙwalwa abin ya fi haka tsada. Sannan kar wanda ya kwanta ƙarƙashin bokitin da aka ɗaga ana dogaro da haidurolik kawai, a tokare shi da ƙarfe ko gungume, tiyo ɗaya ya fashe shikenan.

Ba zan iya yanko sifirin mota a yi min haƙoran ba? Ya fi araha.

Ana yi, kuma a taki da ƙasa mai sauƙi yana ɗan kai mutum. Matsalar sifiri ƙarfe ne da ba ya son walda, yana taurara a gefen waldar ya zama kamar gilashi. Na ga bokitin da wani mai walda ya yi wa haka da 6013, aikin ya yi kyau har da fenti, aka shiga lodin taki, kafin la'asar wurin haƙora uku sai tabon walda kawai, su kuwa haƙoran sun bi taki sun shiga tifa sun tafi gonar mai taki, can suka kwanta suna jiran faifan haro ko tayar wani.

In dai sai ka yi na gida, to ka yi shi a matsayin sanda mai cirewa, a samu filet mai kaurin milimita 12 zuwa 16 a yi sandar, haƙoran kuma a ɗaura su da noti ko a yi musu walda da 7018 bayan an ɗumama kamar yadda aka faɗa a tambayar walda. In ya lalace sandar ce ta lalace ba bokitin ba. Amma mafi kyawun haɗi shi ne sanda ta gida, adafta da haƙora na kanti.

Bakin bokitin ya ƙi huduwa, mun ƙone bakin diril uku. Ya za a yi?

Haka yake, ai don kada ya cinye aka taurara shi. Diril ɗin hannu da bakin kasuwa ba za su iya ba, sai injin huda mai maganaɗisu ko na tsaye, da baki mai kobal ko kabaid, a hankali, ana danna shi da ƙarfi ana zuba mai. In aka bar bakin yana gudu yana shafa ba ya ci, wurin ƙara tauri yake yi. Wasu na hudawa da wutar gas, yana yiwuwa amma ramin ba ya fita daidai kuma gefensa ya yi laushi, noti ya riƙa wasa. Notin wannan wurin ma na musamman ne, mai shafaffen kai da wuya mai kusurwa huɗu irin na bakin gireda, don kada kansa ya leƙo ƙasa ya cinye. Duk wannan wahalar ita ce ta sa na ce sanda, ita bango kawai ake hudawa, shi kuma bangon ƙarfe ne mai laushi.

Bakin bokitina ya riga ya lanƙwashe a tsakiya kuma ya yi siriri, zan iya sa haƙora a haka?

Gyara shi tukunna. Sanda ba za ta zauna a bakin da ya yi baka ba, adafta kuma in aka manna ta a ƙarfen da ya cinye to da naman bokitin za ta fita. In lanƙwasar kaɗan ce ana miƙar da ita da jak da sarƙa da guntun ƙarfe mai ƙarfi. In ya cinye har ya kusa kai waldar da ta haɗa shi da gindin bokitin, a yanke shi a sa sabo, tsohon bakin gireda ma ana amfani da shi, kaurin milimita 16 ya ishi taraktar noma. Ka duba kusurwoyi da bayan bokitin inda kunnuwan fin suke, in akwai tsaga a can yanzu to haƙora za su buɗe ta.

Zai lalata min tarakta?

Haƙoran da kansu ba sa lalata komai, abin da suke sa direba ya yi ne ke lalatawa. Da can bokitin zamewa yake yi in ya ci karo da abu mai tauri, wannan zamewar ita ke kare taraktar ba tare da ka sani ba. Yanzu ya daina zamewa, yana kamawa, duk bugun sai ya bi hannun loda ya sauka a kan fin, da ram, da ƙafar gaba, da inda aka ɗaure lodar a jikin injin. Massey Ferguson 375 da muke da ita ko'ina, mai doki 75, ba ta kai tan 3 ba, yawancinsu ma tayoyin baya ne kawai ke ja, ƙafar gaban an yi ta ne don tuƙi da ɗaukar kan injin. Peloda irin Caterpillar 950 ta haura tan 10, gabanta ƙarfe ne zalla, kuma ba ta da kuloci irin namu da ke ƙonewa. Direban da ya ga peloda na kai wa tulin burji karo ya ce shi ma zai yi, shi ne ke dawowa da karyayyen aksil.

Abubuwan da suka fi lalacewa su ne kuloci saboda ɗora ƙafa a kai ana turi, bushin da boris na tayoyin gaba, sil na ram, da murɗewar hannun loda. Ita murɗewar nan daga tono da kusurwa ɗaya take zuwa, za ka gane ta in ka ajiye bokitin a kan siminti ka ga gefe ɗaya ya taɓa ɗaya yana sama, kuma gyaranta ba daɗi. Sai lanƙwasar sandar ram, wadda ke faruwa in aka kifa bokitin gaba ɗaya haƙora na kallon ƙasa sannan aka tura ko aka ja da baya, a lokacin sandar ta fito duka ba ta da mataimaki.

Kar ka manta da nauyi. Sandar ƙafa shida da haƙoranta na kai kilo 30 zuwa 50, kuma a can ƙarshen hannu take. Sannan yanzu bokitin cika yake yi taf, rabin kubik mita na jiƙaƙƙen burji ya kusa tan ɗaya, ka duba abin da aka rubuta lodarka na ɗauka.

To yaya ake tono da shi daidai?

Giya ta ƙasa, ta ɗaya ko ta biyu, ba gudu ba karo. Ka kwantar da bokitin ka ɗan sunkuyar da haƙoran kaɗan kawai, ka shiga a hankali kana yankar kamar santimita 5 zuwa 10, kana ɗan wasa da bakin sama da ƙasa, da ka ji injin ya fara nishi ko tayoyi sun fara juyawa sai ka naɗe bokitin ka ɗaga, naɗewar ce ke ɓalle ƙasa ba turi ba. Ka fuskanci aikin kai tsaye haƙora duka su ci tare. Kar ka danna bokitin har tayoyin gaba su tashi kana tafiya a haka, kuma kar ka juya sitiyari haƙora na cikin ƙasa. In ka cika, ka sauke bokitin ƙasa ƙasa kafin ka yi tafiya, sai ka zo gindin tifa ka ɗaga, tarakta mai cikakken bokiti a sama a kan gangare ba ta da wuyar kifewa.

Haƙoran sun kama amma tayoyin baya sai juyawa suke yi, me ya sa?

Bayan ya yi sauƙi. Duk abin da ka ɗora a gaba yana ɗage baya, ga shi bayan ne ke ja. Ka rataya abu mai nauyi a baya, garmar faifai ko haro, ko a cika rabin duro da kankare a yi masa kunnuwa, wasu kuma suna ɗura wa tayoyin baya ruwa. Nauyin da aka rataya a bayan taya ya fi, don shi har sauke wa ƙafar gaba kaya yake yi, ruwan taya kuwa riƙo kawai yake ƙarawa.

Na sa haƙora amma marmara ta ƙi, an cuce ni ne?

Ba a cuce ka ba, marmara ce. A watan Maris da Afrilu jar ƙasar da ta sha rana ko laka irin ta fadama da ta bushe ta tsattsage, ko katafila sai ta sa ƙugiyar baya ta farfasa kafin ta ɗiba. Kai ma haka za ka yi, ka bi wurin da garmar kurfi ko ta faifai a bayan taraktar, don ta baya aka gina ta ta yi ja, sannan ka juyo ka kwashe da bokiti. In da ruwa kusa a jiƙa wurin da yamma a tono da safe, ko a jira ruwan farko. In kuma rami ne mai zurfi kake so, tafkin kifi ko fandisho ko kududdufin burji na gaske, ɗauko hayar eskabeta na yini ɗaya ya fi maka araha a kan kuloci da aksil, loda ba ta tono ƙasa da inda tayoyinta suke sai ɗan kaɗan.

Kututture da manyan duwatsu fa?

Ƙananan kututture eh, ka tone gefe gefe ka tsinke saiwoyin ɗaya bayan ɗaya sannan ka sa tsakiyar bokitin ka naɗe. Kututturen darbejiya ko mangwaro ko ɗorawa ka bar shi, ba na loda ba ne. Dutse ma haka, in ka taɓa shi bai motsa ba ka tone kewayensa ka ga girmansa tukunna, wanda ya leƙo kamar tulu wani lokacin ƙasansa ya kai ɗaki. Kuma in a cikin gari ne ko kusa da gidaje ka tambayi inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi, shafaffen baki kan hau kansu ya wuce, haƙori kuwa kamo su yake yi.

Yaushe ake canza haƙori, kuma wace kulawa yake so?

Da ka ga ya dakushe ya yi gajere, tun kafin ya huje ƙasa ta fara cin adaftar, don haƙori mai araha ne a kan adafta da sabuwar walda. Na kusurwa sun fi saurin cinyewa, ka riƙa musanya su da na tsakiya. Kullum da safe ka ƙirga su ka bubbuga da guduma, wanda fin ɗinsa ya saki ƙararsa daban ce, in haƙori ya faɗi kar ka ci gaba da aiki da adafta tsirara, yini ɗaya ya isa ta cinye sabon haƙori ya ƙi zama. Notin sanda a sake ɗaure shi bayan aikin farko. Masu aikin taki su riƙa wankewa suna shafa wa notin giris, in ba haka ba ranar cirewa sai da wutar gas. Wajen fitar da fin a sa tabarau, ɓarɓashin wannan ƙarfen tsalle yake yi.

A ina ake samu?

Wajen masu sayar da kayan katafila, ba wajen masu kayan tarakta ba. A Kano ka fara da Ƙofar Ruwa, a Kaduna Panteka, can ma za ka samu masu yanka filet su haɗa maka sandar, in abin ya gagara 'yan kasuwar na aikowa daga Legas. Ka tafi da awon cikin bokitin da kaurin bakin a rubuce, da hotonsa a waya. Farashi na bin dala, don haka ka tambayi wuri biyu uku, kuma ka haɗa lissafin duka, haƙori da adafta da fin da sandar walda da gas da kuɗin aiki, don wani zai ba ka haƙori da araha ya rama a kan fin. Na gwanjo da aka ciro daga injin waje sau da yawa ya fi sabo marar suna, ka dai leƙa cikinsa ka tabbata bai tsage ba kuma ramin fin bai buɗe ba.

Zan iya hawa titi da haƙoran a jiki?

In sanda ce ka cire ka jefa ta cikin bokitin, minti kaɗan ne. In na walda ne ka naɗe bokitin haƙora su kalli sama, ka riƙe shi ƙasa yadda ba zai tare maka gani ba, in da hali a rufe su da katako ko guntun ƙarfe mai kwana a ɗaura jan ƙyalle, saboda tsayinsu daidai ƙafar mai babur yake kuma da magariba ba a ganinsu. Kar a ɗauki lebura a cikin bokitin ko da nan da can ne. In ka yi fakin ka sauke shi har haƙoran su kwanta a ƙasa ka kashe injin ka motsa libar mai ya saki, don yaran unguwa kan bokitin suke fara hawa.